Tururuwar da ta ɗauki kofi huɗu: a kan Zagallo da aikin da ba a tafa wa

Da yawa daga cikinmu mun fara sanin Mário Zagallo ne a ranar da ya sha kashi. Daren 31 ga Yulin 1996 ne, a wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta. Birazil na gaban Najeriya da ci 3 da 1, saura minti goma sha biyu a tashi, sai Victor Ikpeba ya rage tazarar. Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, sannan a minti na huɗu na ƙarin lokaci ya zura wadda ta rufe wasan. A tawagar Najeriya ta wannan shekarar akwai 'yan Kaduna irin su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal. Ni a lokacin yaro ne ƙarami, abin da kawai na riƙe shi ne ihun yayyena da na maƙwabta da ya tashe ni daga barci. Sai bayan shekaru, da na zauna na kalli faifan wasan, na lura da dattijon nan mai furfura da tabarau a bencin Birazil, wanda ya fitar da Ronaldo daga fili ana dab da tashi, yana ganin aiki ya riga ya kammala.

Wannan dattijon shi ne mutum na farko a tarihi da ya ci kofin duniya yana ɗan wasa, ya kuma ci shi yana koci. Daga cikin kofuna biyar da Birazil take taƙama da su, huɗu akwai hannunsa a ciki: 1958 da 1962 yana ɗan wasa, 1970 yana koci, 1994 yana babban mataimakin koci. Duk da haka, idan aka zauna lissafin manyan masu horarwa na duniya, sunansa kan zo a makare, kuma sau da yawa da wata 'yar ƙura a jikinsa. Ana cewa mutum ne mai sa'a: Allah Ya haɗa shi da Pelé da Garrincha yana matashi, Ya sake haɗa shi da Pelé da Tostão da Jairzinho yana koci, Ya kuma ba shi Romário da Ronaldo da ya tsufa. Wane ne zai kasa cin kofi da waɗannan?

Ra'ayina shi ne wannan hukunci bai yi masa adalci ba, kuma rashin adalcin ya wuce maganar mutum ɗaya. Ya shafi yadda muke auna aiki a duk inda haziƙai suka taru a ƙarƙashin rufi guda. Sai dai ban zo wanke Zagallo tas ba, domin akwai wurare uku a tarihinsa da nake ganin tuhumar da ake yi masa tana da tushe.

Mutumin da ya san iyakar baiwarsa

An haifi Mário Jorge Lobo Zagallo ranar 9 ga Agustan 1931 a jihar Alagoas da ke arewa maso gabashin Birazil, amma a Rio de Janeiro ya tashi. Ranar 16 ga Yulin 1950, lokacin da Yurugwai ta doke Birazil da ci 2 da 1 a filin Maracanã ta ƙwace kofin duniya a gaban masu gida, yana cikin filin. Yana da shekara 18, sanye da kakin soja, yana cikin masu aikin tsaro. Da idonsa ya ga yadda ƙasa guda ta yi bikin nasara tun kafin a buga wasa, ta kuma koma gida da kuka.

Ya fara wasa ne a matsayin mai lamba 10, wato mai juya wasa a bayan 'yan gaba. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, da ya duba yawan gwanayen da ke wannan gurbi a Birazil, sai ya gane ba shi da hanyar shiga tawagar ƙasa ta nan, ya koma gefen hagu. A can ma ba shi ne gwani na ɗaya ba. Canhoteiro na São Paulo ya fi shi iya yanka, Pepe na Santos ya fi shi ƙarfin bugu nesa ba kusa ba. Abin da Zagallo ya ƙara a kan aikin ɗan gefe shi ne komawa baya. A ƙungiyar Flamengo, inda ya ci gasar jihar Rio sau uku a jere daga 1953 zuwa 1955, ya saba da cewa da zarar ƙwallo ta kuɓuce wa ƙungiyarsa, sai ya janye zuwa tsakiya ya taya tare hanya. Wannan kai-komo da ba ya ƙarewa ne ya jawo masa laƙabin Formiguinha, wato 'yar tururuwa.

Domin a ga amfanin wannan, sai a dubi yadda Birazil ta tsaya a 1958. Koci Vicente Feola ya je Suwidin da tsarin 4-2-4: 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya biyu, 'yan gaba huɗu. Raunin tsarin a fili yake, mutum biyu kacal, Didi da Zito, ke riƙe da tsakiyar fili. A gefen dama akwai Garrincha, wanda ba mai hankalin da zai ce masa ya dawo tsaro. A bayan gefen hagu kuma akwai Nilton Santos, ɗan baya mai son hawa gaba, har ya ci ƙwallo a wasansu na farko da Austiriya. Idan ɗan gefen hagu shi ma ya tsaya a gaba yana jiran a kawo masa, tawagar ta tsage gida biyu. Zagallo ne ya ɗinke wannan ɓaraka. Idan ƙwallo na hannun Birazil shi ne na huɗu a gaba, idan ta koma hannun abokan hamayya shi ne na uku a tsakiya. Daga nan tsarin 4-3-3 ya samo hanyarsa zuwa tawagar Birazil, kuma a gasar 1962 a Cile ya fito sarari.

Bai kasance mai tsaro kawai ba. A wasan ƙarshe na 1958, wanda Birazil ta ci Suwidin 5 da 2, ya fitar da ƙwallo da ka daga kan layin ragarsu, ya ci ƙwallo ta huɗu, kuma shi ya aika wa Pelé wadda ya sa wa kai ta zama ta biyar. A 1962 shi ya ci wa Birazil ƙwallonta ta farko a gasar, a wasa da Meziko. Pepe kuwa, duk da ƙarfin bugunsa, yana cikin tawagar a gasannin biyu, amma rauni da zaɓin koci suka sa bai buga ko wasa ɗaya ba. Duniya ta riƙe sunan yaro ɗan shekara 17 da ya girgiza Suwidin, ta riƙe sunan Garrincha da ya ɗauki tawagar a kafaɗa a Cile bayan Pelé ya ji rauni, kuma sun cancanci haka. Amma Bahaushe ya san wannan rabo tun tuni: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zakaru biyar a akurki ɗaya

Zagallo ya rataye takalmansa a 1965 a Botafogo, ya fara horarwa a can, ya ci gasar jihar Rio a 1967 da 1968. A watan Maris na 1970, ƙasa da wata uku kafin gasar Meziko, aka sallami João Saldanha daga horar da tawagar ƙasa aka miƙa masa. Yana da shekara 38.

A nan ne masu cewa sa'a ce suke da hujjarsu mafi ƙarfi. Saldanha ya riga ya ci dukkan wasanni shida na share fage. 'Yan wasan suna nan a shirye. Akwai ma labarai da dama cewa manyan tawagar, irin su Pelé da Gérson da Carlos Alberto, suna da ta cewa a kan wanda zai buga. Kuma gaskiya ne da farko Zagallo bai gamsu Pelé da Tostão za su iya wasa tare ba, ya fi son a sa cikakken ɗan gaba mai zama cikin akwati.

To amma a dubi tawagar da ya gada da wadda ta shiga fili a Meziko. Saldanha yana amfani da 4-2-4, da Edu a matsayin ɗan gefen hagu na gargajiya, Piazza da Gérson a tsakiya. Zagallo ya mayar da Piazza baya ya zama mai tsaron tsakiya, domin a samu mai fara gina wasa daga can. Ya shigo da matashi Clodoaldo gurbin da Piazza ya bari. Ya ɗauki Rivellino, wanda a Corinthians shi ne mai juya wasa, ya ajiye shi a gefen hagu, a kan aikin nan da shi kansa ya yi shekara goma sha biyu da suka wuce. Tostão ya zama ɗan gaba mai janyewa yana buɗe wa wasu hanya, Jairzinho kuma yana faɗowa daga dama. Pelé da Tostão da Gérson da Rivellino da Jairzinho, kowannensu sarki ne a ƙungiyarsa, kowanne ya saba a nemo shi da ƙwallo. Duk wanda ya taɓa shugabantar ofis mai ƙwararru ko da uku ya san cewa tara su ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce shawo kan huɗu daga cikin biyar su karɓi aikin da ya gaza darajar da suke ganin suna da ita. Idan kuwa da shawarar manyan 'yan wasan aka kai ga wannan tsari, ni ban ga aibu a nan ba. Kocin da ya ji magana ya sauya ra'ayi a kan Tostão ya yi abin da ake biyansa ya yi.

Akwai kuma shirin jiki. Tawagar ta isa Meziko makonni kafin gasar, ta yi sansani a Guanajuato mai tudu domin jiki ya saba da ƙarancin iska, ƙarƙashin masu horar da motsa jiki irin su Admildo Chirol da Cláudio Coutinho da Carlos Alberto Parreira. Sakamakon yana cikin alƙaluma. Birazil ta ci dukkan wasanninta shida da ƙwallo 19, kuma 12 daga ciki bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka ci su. A wasanni huɗu, da Chekoslobakiya da Ingila da Yurugwai da Italiya, canjaras aka tafi hutu. Tawagar da ake tunawa da ita a matsayin ƙolin gwaninta ta riƙa cin wasanninta ne a lokacin da abokan karawarta suka fara haki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Hatta ƙwallon da aka fi nunawa daga wannan gasar, ta huɗu a ragar Italiya a filin Azteca ranar 21 ga Yunin 1970, akwai tsari a bayanta. Carlos Alberto ya sha bayyana cewa Zagallo ya faɗa masu tun kafin wasa cewa 'yan Italiya mutum suke bi, don haka idan Jairzinho ya koma hagu Facchetti zai bi shi, gefen dama ya zama fayau. A minti na 86 abin da ya faru ke nan. Kuma wanda ya fara ƙwato ƙwallon, can cikin rabin filin Birazil, Tostão ne, ɗan gaba. Ruhin tururuwa ya shiga jikin zakaru.

Wanda yake ganin baiwa kaɗai ta isa, ya tuna 1982. Telê Santana ya je Sifaniya da Zico da Sócrates da Falcão da Éder, tawagar da har yau ake begenta. Canjaras kawai take buƙata da Italiya, amma Paolo Rossi ya ci uku, aka tashi 3 da 2. Ina cikin masu ƙaunar wannan tawaga, kuma ban yarda cewa kofi ne kaɗai ma'aunin ƙwallo ba. Abin da kawai take nunawa shi ne cewa gwanaye ba sa tsara kansu da kansu.

Inda tuhuma take da tushe

Na farko shi ne yadda ya samu kujerar. A 1970 Birazil na ƙarƙashin mulkin soja na Janar Emílio Médici, lokacin da kame da azabtar da 'yan adawa suka kai ƙololuwa. Saldanha ɗan jarida ne kuma ɗan kwaminisanci. An ruwaito cewa da aka ce masa shugaban ƙasa yana son a gayyaci ɗan wasan gaba Dario, ya mayar da martani cewa shugaba ya zaɓi ministocinsa, shi kuma ya zaɓi 'yan wasansa. Dalilan korarsa sun fi wannan yawa, har da saɓaninsa da Pelé da rigingimunsa da 'yan jarida. Amma Zagallo ya zo ya gayyaci Dario. Ya musanta cewa umarni ya bi, kuma Dario bai buga ko minti ɗaya a Meziko ba. Duk da haka, gwamnatin ta yi amfani da kofin wajen wanke kanta a idon jama'a, kuma Zagallo bai kasance cikin masu nuna damuwa da hakan ba. Ƙwararren da ya ce shi aikinsa kawai yake yi yana da hujja, amma hujjar ba ta goge tambayar wanda ya ci moriyar aikin.

Na biyu shi ne 1974 a Jamus ta Yamma. Babu Pelé, babu Tostão, babu Gérson, babu Carlos Alberto, babu Clodoaldo. Tawagar ta yi canjaras babu ci da Yugoslabiya da Sikotilan, ta lallaɓa ta wuce. Kafin karawa da Holan ta Rinus Michels da Johan Cruyff, Zagallo ya yi wa salon wasansu kallon raini. A Dortmund aka ci Birazil 2 da nema, cikin wasa mai cike da duka da shure-shure, har aka kori Luís Pereira. Ta ƙare a ta huɗu. Abin takaicin shi ne 'yan Holan sun ɗauki tunanin da Zagallo ya taimaka wajen haifarwa, cewa ɗan wasa ba fursunan gurbinsa ba ne, suka shimfiɗa shi a kan dukkan 'yan wasa goma, shi kuma bai gane ɗansa ba da ya girma. Mutum ne da ya shahara da camfi a kan lamba 13, wadda ya samo daga ƙaunar da matarsa take yi wa Waliyyi Antoniyo da ake bikinsa ranar 13 ga Yuni. A wannan karon magana ta tabbata a kansa: mai laya kiyayi mai zamani.

Na uku, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne 12 ga Yulin 1998. Sa'o'i kaɗan kafin wasan ƙarshe da Faransa, Ronaldo, ɗan shekara 21, ya yi wata jijjiga mai kama da farfaɗiya a masaukinsu. Aka kai shi asibiti, aka fitar da jerin 'yan wasa da sunan Edmundo a gurbinsa. Gwaje-gwaje ba su nuna komai ba, ya iso filin ya ce zai buga, Zagallo ya mayar da sunansa. Faransa ta ci 3 da nema, biyu daga ciki Zinedine Zidane ya sa masu kai daga bugun kusurwa. Kariyar Zagallo ita ce likitoci ba su hana ba, kuma da ya ajiye gwanin duniya a benci aka ci su, da ba a taɓa yafe masa ba. Na fahimci wannan, amma ban karɓe shi ba. Hujjar tana magana ne a kan abin da za a ce game da koci, alhali abin da ke gabansa shi ne lafiyar yaron da ya faɗi 'yan sa'o'i da suka wuce, da hankalin abokan wasansa da suka ga abin da ya same shi. Mutumin da ya gina sunansa a kan cewa tawaga ta fi kowane mutum ɗaya, a ranar da aka fi buƙatar wannan aƙida sai ya ajiye ta.

Abin da ya rage a ma'auni

Tsakanin waɗannan ranaku akwai doguwar rayuwar aiki da ba a cika ambata ba. Ya horar da Kuwait da Saudiyya, ya ci gasar Saudiyya da Al-Hilal a 1979, ya kai Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gasar kofin duniya ta 1990, karo na farko a tarihinta, ko da yake an sallame shi kafin a fara gasar. A 1994 ya zauna kusa da Parreira, wanda a 1970 yake ƙarƙashinsa, suka kawo ƙarshen jiran shekara 24 da tawagar da 'yan jaridar Birazil suka yi ta zagi saboda rashin ado. Samun tsohon maigida da zai yarda ya zama na biyu ga yaronsa ba abu ne mai sauƙi ba, a ƙwallo ko a wajenta. A 1997, bayan ya ci kofin Kudancin Amurka a La Paz, ya fuskanci kyamara cikin fushi ya faɗa wa masu sukarsa cewa dole su haɗiye shi. Kalmar ta zama karin magana a Birazil. Ni ina jin ta a matsayin kukan mutumin da ya shekara arba'in yana cin nasara ana ce masa arziki ne ya faɗo masa.

Me ya sa ake yi masa haka? Ina ganin dalilin yana cikin yanayin aikin da ya zaɓa. Yankan Garrincha ana ganinsa, ana iya maimaita shi a faifai sau dubu. Gurbin da Zagallo ya toshe ba ya fitowa a hoto, domin idan ya yi aikinsa daidai babu abin da ke faruwa a wurin: harin da bai auku ba, ƙwallon da ba a ci ba, rigimar 'yan wasa da ba ta tashi ba. Haka lamarin yake ga editan da ya tsare jarida daga ƙarar ɓata suna, da ma'aikaciyar jinyar da ta lura da kuskuren magani kafin a ba majiyyaci, da akawun da ya sa albashi ya fita a kan kari. Ba a ambatonsu sai ranar da suka yi kuskure. Idan wurin aiki ya saba saka wa wanda ake gani kaɗai, a hankali kowa zai koyi tsayawa a gaba yana jiran ƙwallo, har a wayi gari babu mai komawa baya.

Zagallo ya rasu a Rio de Janeiro ranar 5 ga Janairun 2024 yana da shekara 92, gwamnatin Birazil ta ayyana makokin kwana uku. Bayan kwana biyu Franz Beckenbauer, mutum na biyu da ya ci kofin duniya yana ɗan wasa da kuma koci, shi ma ya rasu, kuma a kafofin watsa labarai da yawa na wajen Birazil labarin Bajamushen ya rufe na dattijon. Ko a mutuwa sai da ya raba fili da wanda ya fi shi ƙyalli.

Har gobe ina murna da daren 1996, kuma ina ganin fitar da Ronaldo da ya yi kuskure ne da muka ci moriyarsa. Amma yanzu idan ina kallon wasa, nakan ɗauke ido daga mai ƙwallo na ɗan lokaci, in nemi wanda ya juya da gudu zuwa gurbin da wani ya bari. Ka gwada hakan a wasan da za ka kalla na gaba, sannan ka gwada shi ranar Litinin a wurin aikinka.